Awa Uku Tsakanina da Mahuta

Jirgin da ya kwaso mu bai sauka a Jidda ba, kuma ban damu ba, don an riga an gaya mani. Alhaji Rabe, wanda ke kai mutane aiki waje daga wani ɗan shago a Funtuwa, ya ce bizar Jidda ta yi wuya, saboda haka a Dubai za a sauke mu, mota ta ƙarasa da mu Saudiyya ta ƙasa. Aikin gonar dabino ne. Mu yi wata bakwai, in lokacin Hajji ya zo mai gona ya kai mu Makka a motarsa. Na tambaye shi nisan gonar da Makka, ya ce kamar daga Funtuwa zuwa Kaduna.

Ni aji biyu na yi a sakandare na aje biro na ɗauki garma. Taswirar duniya ɗaya na taɓa kallo da kyau, wadda ke manne a bangon ajinmu na firamare, ita ma gara ta cinye mata gefen dama. Duk abin da ke bayan Misira a wurina rami ne. Da wannan ilimin na sayar da gonar gadona ta Mahuta na bi maganar mutum mai ƙamshin turare.

Ba zan ce ba na son kuɗi ba. Amma abin da ya fi komai nauyi a jakata farin yadi ne, a naɗe cikin leda biyu. Likkafanin mahaifiyata ne. Inna ta saye shi da kanta shekaru da yawa da suka wuce, ta kulle a adaka, tana jiran wani nata ya tafi Makka. Da ta miƙo mani ta ce, "Hamisu, ka tsoma mani shi a zamzam, ka shanya, ka kawo mani. Tsaraba ba na so." Ta tsufa, idonta ya mutu, kuma ni kaɗai na rage mata namiji.

A filin jirgi wani direba mai jan gemu ya tare mu, mu shida. Kafin mu shiga mota ya karɓe fasfo da wayar kowa, wai za a yi mana rajista a sa mana sabon layi. Wannan ne abu na farko da ya tsaya mani a rai. Na ce ni zan riƙe nawa. Sauran suka ce in bari, Malam, haka ake yi. Na bari. Motar labule ne a kowace taga, kuma in ka ɗaga ya daka maka tsawa. Muka yi ta tafiya har muka iso wata ƙofa mai sojoji. Ya fita da fasfunanmu, ya daɗe, ya dawo ya waiwayo ya ce, "Saudi." Na ɗaga hannu na yi wa Allah godiya, har da hawaye. Yau in na tuna hawayen nan nakan ji kamar in mari kaina.

A hanya aka sauke huɗu a wurare daban-daban. Muka rage mu biyu, ni da wani Bitrus, Kirista ne daga wajen Malumfashi, tsohon malamin firamare da ya gaji da jiran albashi. Ban yarda da shi ba tun farko. Me zai kai Kirista Saudiyya? Na tambaye shi kai tsaye.

"Abin da ya kai ka kasuwar Dandume ranar kasuwa, Malam Hamisu," ya ce. "Ciki. Kai ka je ka yi ɗawafinka, ni ina tsare maka dabino."

Gonar tana gindin wasu baƙaƙen duwatsu, ba ciyawa ko ɗaya a jikinsu, kamar an ƙone su. Katanga ta kewaye ta. Mai gona ban taɓa ganin fuskarsa ba har na baro. Wakilinsa shi ne komai, wani Usman, Basudane, yana jin Hausa irin ta waɗanda kakanninsu suka tafi Hajji a ƙasa suka maƙale a hanya. Da na ji Hausa a bakinsa na ji sanyi. Daga baya na gane don Hausar aka aje shi.

Washegari na fito sallar asuba. Na duba inda gari ke yin fari, na shimfiɗa buzuna na fuskanci can, kamar yadda na yi shekara arba'in da wani abu. Ina sallamewa na ga Usman a tsaye yana dariya.

"Ya Hajji, ka ba Ka'aba baya."

"Gabas na duba," na ce.

"Shi ne kuskuren. Nan yamma muke dubawa."

Na kalle shi daga sama har ƙasa. A garinmu ko akuya za ka yanka gabas kake kallo, mamaci gabas ake juya shi. Na ce a raina wannan ko ɗan wata sabuwar ɗariƙa ne. Sai ya tsuguna ya aje dutse ɗaya ya ce Makka, ya aje wani a hagu ya ce ƙasarku, ya aje na uku a dama ya ce mu. Wai mun wuce Makka ne, muna gabashin Saudiyya.

"Mun wuce ta? To me ya hana a sauke mu?"

"Jirgi ba motar Funtuwa ba ne da za ka buga mata baya ka ce akwai."

Na tambayi Bitrus, tunda shi ya koyar da yara. Ya ce maganar ta shiga hankali: in ka wuce abu, dole ka juyo kafin ka kalle shi. Na juya buzuna. Kwana da kwanaki in na yi sujada ina jin kamar wani ya juya mani hula. Amma abin da ya fi damuna dutsen nan na uku. Usman ya aje shi nesa da na Makka, nesa ƙwarai. Tazarar ba ta yi kama da Funtuwa da Kaduna ba.

Aiki kuwa an sha shi. Ka ɗaura igiya a ƙugu ka hau itacen dabino, ka datse ƙaya, ka ɗebo furen namiji ka soka a cikin na mace, itace bayan itace. Ƙayar dabino in ta shige ka sai wurin ya kwana uku yana zuga. Abinci shinkafa da wata miya mai kalar ƙasa, safe da yamma. Na yi mafarkin tuwon masara da miyar kuka har na daina ƙirgawa. Bitrus ya fi ni iya hawa, kuma ranar da gwiwata ta kumbura shi ya yi layina da nasa. Ban gode mashi ba a ranar. Ina jiran in ga abin da zai nema.

Akwai agogo a hannuna, tsoho, kuma ban taɓa juya shi ba. Na bar shi a lokacin gida da gangan, don in na duba in san yanzu matata Rakiya na dama wa Inna koko, yanzu yara sun taso daga makaranta. Usman kan buga ƙarfe ya ce shida ta yi a fito. Agogona ya ce uku. Kullum haka. Wata biyu ina ganin wannan ban kawo komai a raina ba, sai ran nan ina bisa itace maganar Kawu ta faɗo mani. Kawu Alhaji Sada ƙanen Inna ne, ya je Hajji sau biyu tun kafin ta sayi yadin, kuma bai bar kowa ya manta ba. In aka yi azumi yakan duba agogo da ƙarfe huɗu da wani abu ya ce, "Yanzu mutanen Makka sun sha ruwa. Awa biyu suka ba mu." Na ji wannan magana ta fi sau ɗari. Awa biyu. To ina ta ukun ta fito?

Da farko na zargi batir. Ranar Juma'a Usman kan ba kowa wayarsa minti biyar ya kira gida, yana tsaye a kanka. Na kira Rakiya. Bayan gaisuwa na ce, "Ƙarfe nawa yanzu a wurinku?"

"Baban Sadiya, duk abin da za ka tambaya ke nan? Ba ka tambayi ƙafar Inna ba."

"Duba mani dai."

Ta ce uku saura biyar. Na dubi hannuna, uku saura biyar. Na dubi fuskar wayar Usman, shida saura biyar. Agogona lafiyarsa ƙalau.

Sai aka ba Inna. "Ka kai shi?" Abin da take fara tambaya ke nan kowace Juma'a. Na ce saura kaɗan, Inna, sai lokacin Hajji. Ta ce mutanen unguwa suna ta kawo saƙon addu'a, ta ce masu su bari ka isa.

Da yamma na sami Bitrus yana wanke ƙafa. "Ticha, ƙasa ɗaya tana iya yin agogo biyu?"

Ya ce tana iyawa in tana da faɗi. Amurka ma tana da wajen huɗu ko fiye. Duniya juyawa take, wanda ke gabas ya riga ganin rana, shi ya sa duk tafiyar da ka ƙara gabas agogo na ƙara gudu.

"To Saudiyya fa?"

"Ban sani ba. A littafin aji shida ba a kai nan ba."

"Amfanin karatunka ke nan."

"Ya fi naka, tunda kai ka yi wata biyu kafin ka cire uku daga shida."

Na tambayi Usman shi ma, kamar da wasa. Bai yi dariya ba. Ya ce Saudiyya babba ce, Makka da lokacinta, nan da nasa, kuma wanda ya cika tambaya yakan rasa kiran Juma'a. Mutumin da ke da gaskiya ba ya haɗa amsa da barazana. Daga ranar na fara kallon komai. Buhunan taki an juya rubutunsu ciki. Motar da ke kawo kaya ba ta zuwa sai an tura mu ƙarshen gona. Juma'a ba a taɓa kai mu masallaci ba, wai babu takardarmu tukuna. Albashi ba a ba mu a hannu, wai ana tura wa gida ta wurin Alhaji Rabe, don haka ko kuɗin ƙasar ban taɓa gani ba.

Akwai mutum ɗaya kuma a gonar, wani tsoho ɗan Pakistan mai kula da injin ban ruwa. Sunansa ban taɓa kamawa ba, Baba Mai Inji nake ce mashi. Usman ya ce mu guje shi, kunnen mai gona ne. Na yarda, don tsohon yana yawan kallona. Duk wata nakan fito da yadin Inna in baza a rana saboda ƙwari, kuma duk ranar da na baza sai in gan shi tsaye daga nesa. Na ce a raina ɓarawo ne. Na koma kwana da jakar a ƙarƙashin kaina.

Watan Zulƙida ya kama, dabino ya fara ja. Na ce wa Usman yaushe za a fara shirin Makka. Ya ce bana da wuya, girbi ya haɗu da Hajji, sai dai baɗi. Ya faɗe ta a sauƙaƙe kamar yana cewa gishiri ya ƙare.

Na san Kawu yakan biyo gaida Inna duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Na jira. Da aka miƙo mani waya na ce wa Rakiya ta ba Kawu, na buɗe muryar yadda Usman zai ji.

"Kawu, tsakaninmu da Saudiyya awa nawa ne?"

"Kai da ke can kake tambayata? Biyu mana."

"Ko'ina a ƙasar?"

"Ko'ina. Makka, Madina, Jidda. Surukina ma da ke tuƙa tankar ruwa a Dammam, can ƙarshen gabas bakin teku, biyun ce. In ya kira ni agogonsa ɗaya da na Harami. Lafiya dai, Hamisu?"

Usman ya fizge wayar. Na ce mashi, "Nan uku ce. Ina ne nan?"

"Inda abincinka yake."

"Ina ne nan, Usman?"

Ya sa wayar a aljihu ya tafi. Ni kuma na nufi ɗakin inji, wurin mutumin da aka ce in guje wa. Bitrus ya biyo ni. Na buga ƙasa da ƙafa na ce wa tsohon, "Saudiyya?" Ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce, "Oman."

Ban taɓa jin sunan ba, ko kuma na ji a rediyo ban riƙe ba. Tsohon ya ɗauki sanda ya zana a yashi wani abu kamar buhu. Ya soka sanda a gefen hagu ya ce Makka. Ya ja layi ya yanke kusurwar dama ta ƙasa, ya nuna mu. Tsakanin biyun ya share da tafin hannu, ya hura iska, yana nufin babu komai sai rairayi. Bitrus ya tsuguna yana kallo, ya ce, "Malam Hamisu, wata ƙasa ce daban. Da sarkinta da iyakarta. Ƙofar sojojin nan da muka wuce, tasu ce."

"Nisan fa?"

Tsohon ya yi kamar yana riƙe da sitiyari, ya nuna rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa. Sannan ya buɗe tafin hannu ya buga hatimi a kai, ya girgiza kai. Ko da mota, babu biza.

Na zauna a ƙasa. Ba gonar Mahuta na tuna ba, ko Alhaji Rabe. Sallar da na yi wata shida ina ganin Ka'aba na bayan duwatsun nan ita na tuna, da amsar da nake ba Inna kowace Juma'a.

Washegari ban fita aiki ba, jibi ma haka. Usman ya hana ni waya, ya rage mani abinci. Bitrus ya riƙa raba nasa biyu. Na ce mashi mu gudu. Ya ce shi matarsa ta ce wani abu na shigowa daga albashin, ko da ba duka ba, kuma ba Makka ta kawo shi ba. "Dabinon Oman da na Saudiyya duk ƙaya ɗaya gare su. Kai ne aka yi wa sata, ni rage mani aka yi." Na ji haushinsa, amma ban ga ƙarya a maganar ba.

Wata dabara ta zo mani a kwanakin nan, kuma zan faɗe ta don ba na rubutun nan don a yabe ni. Na ce in tsoma yadin a ruwan rijiyar gona in shanya. Inna ba ta gani. Ruwa ruwa ne, wa zai sani? Har na kai bokiti bakin famfo na kwance leda. Sai na ga Baba Mai Inji tsaye, kamar kullum. Ya matso ya taɓa yadin da yatsa biyu, ya ce, "Kafan," wato likkafani. Ya nuna ni. Na girgiza kai na ce, "Umma." Ya nuna yamma ya ce, "Zamzam?" Na ɗaga kai. Ashe tun ranar farko ya san ko mene ne. Su ma suna yi.

Ya tafi ɗakinsa ya dawo da wata 'yar kwalba, ba ta kai tsawon yatsa ba, ruwa rabi a ciki. Ya nuna ta ya ce zamzam, ya nuna kansa ya ce umra, ya ɗaga yatsu biyar, ko shekara biyar ke nan ko sau biyar ban sani ba. Na buɗe na sansana. Ba ƙamshi, ba alama. Na riga na sha ƙarya har wuya, don haka na tsaya ina juya kwalbar ina neman inda tarkon yake. Na ciro agogona na miƙa mashi. Ya ture hannuna da fushi. Shi ya riƙe yadin, ni na zuba. Wurin da ya jiƙe bai fi tafin hannu ba, kuma kafin mu naɗe rana ta busar da shi.

Shi ne kuma ya yi magana da direban motar da ta zo ɗaukar dabinon farko. Aka kwantar da ni tsakanin kwanduna, direban ya sauke ni a ƙofar 'yan sanda a wani gari, tunda marar fasfo sai ta hannunsu yake komawa gida, ya ja motarsa. Kafin mu bar gona Bitrus ya tura mani busasshen dabino cikin jaka, ya ce in gaida Malumfashi in na wuce.

Na yi sati bakwai a tsare da mutane daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Ba wanda ya doke ni. Ranar Arfa akwai talabijin a bango, na zauna a kan siminti na kalli alhazai farare fat a kan dutse, jakata a cinyata. Daga baya aka yi mani takardar komawa gida a madadin fasfo.

Shagon Alhaji Rabe na tarar ana sayar da cajar waya a ciki. Na hau mashin zuwa Mahuta. Tun daga bakin gari yara ke cewa Alhaji ya dawo, wani ma ya riga ya karɓi jakata. Na ƙwace abata. Na ce wa duk wanda ya ce mani Alhaji ya daina, ban je ba. Wasu suka ɗauka tawali'u ne.

Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta na aje ledar a cinyarta. Ta kwance da kanta, tana shafa yadin.

"Ka kai shi?"

"Ban kai shi ba, Inna. Ba Saudiyya aka kai ni ba. Ko kusa ban je ba."

Rakiya ta bar abin da take yi. Na ba ta labarin tun daga ƙofar sojoji, har bokitin da na kai bakin famfo ban ɓoye ba. Na gaya mata zancen kwalbar, na kama hannunta na ɗora a kusurwar da aka jiƙa. Na ce ban san ko zamzam ne ba, ba ni da shaida.

"Wane ne mutumin?"

"Wani tsoho ne. Sunansa ma ban sani ba."

"Me ka ba shi?"

"Na ba shi agogo, ya ƙi."

"Bai karɓi komai ba?"

"Komai."

Ta naɗe yadin a hankali, ta sa kusurwar nan a sama.

"To zamzam ne," ta ce. "Rakiya, ki sa wannan gefen wajen fuskata in ranar ta zo. Ki kawo wa mijinki tuwo."